Ciniki a Jirgin Misye Hubert

Duk wanda ya san kasuwar Garwa a wancan zamani ya san Ɗanmalam, dillalin dukawa. Shekara talatin da ɗoriya yana zaune a rumfa ɗaya, kusa da layin masu goro, jakunkuna da takalma da matasan zama na fata sun kewaye shi. Shi ba ya ɗinki, ko allura bai iya zura wa zare ba. Dukawa ne ke yin aikin a unguwarsu, su kawo masa, shi kuwa bakinsa ne jarinsa. Kuma baki ne na gaske. Mutum ya zo wucewa kawai, sai ya tsinci kansa zaune a kan buzu yana shan shayi, ana tambayarsa lafiyar kakarsa da ke Gidar, kafin la'asar ya tashi da jaka biyu yana godiya.

Ƙa'idarsa biyu ce, kuma ya fi riƙe su da kyau fiye da yadda yake riƙe carbinsa. Ta farko, mai kaya ba ya faɗin kuɗi, mai saye ne ke tayawa. Ta biyu, tayin farko ba a karɓa, ko da an ba ka rijiya da gugarta. Ka ce albarka, a ja, a saki, a yi raha, sannan a sallama. Haka ya ga ubansa yana yi, haka yake yi, kuma ya yi imani duk wanda ya sayar da abu cikin gaggawa ya ci mutuncin abin.

To, amma a shekarar 1978 masu saye sun soma canzawa. Ma'aikatan gwamnati da Turawan da ke zuwa kallon namun daji ba su da lokacin shayi. Su tsaya a tsaye, su nuna abu da yatsa, su ce nawa, in an ce su taya su yi murmushi su wuce. Kaya suka soma kwantai a rumfar Ɗanmalam har fata tana canza launi. Goni, shugaban dukawa, mutum ne mai kunya, bai ce komai ba, sai dai ya rage yawan gaisuwa. Ɗanmalam kuwa ya san abin da ake raɗawa a unguwar: wai a karɓe dillancin a ba Malum, wani matashi mai ɗan Faransanci a baki da agogo a hannu. Wannan magana ita ce ta hana shi jin daɗin tuwo. Ba kuɗin la'ada ne ya dame shi ba. In an karɓe dillancin, da me zai fito kasuwa, wa zai ce masa ina kwana?

Ana cikin haka sai ga Gaston a kan mobilet ɗinsa, wani ɗan ƙaramin babur, yana haki. Gaston mutumin Kayele ne, Kirista, yana tura matakalar jirgi a filin jirgin saman Garwa, kuma abokin Ɗanmalam ne tun suna samari.

"Malam, jam na? Tashi, arziki ya zo da fuka-fuki!" in ji Gaston.

"Jam. Zauna tukuna, ka sha ruwa."

"Ba zama. Akwai wani attajiri daga Duwala, Misye Hubert. Jirginsa ne na kansa, ɗan ƙarami, fari fat. Ranar Alhamis zai sauka shan mai kan hanyarsa ta Injamena. Yana gina otal a bakin teku, matuƙinsa ya ce mini yana neman matasan fata irin na arewa, ɗari biyu."

Ɗanmalam ya ajiye kofin shayi. Amma, abin dariya, ba ɗari biyun ne ya fara kama shi ba.

"Na kansa? Kamar yadda kake da mobilet?"

"Kamar haka. Babu tikiti, babu layi, babu a ce maka jirgi ya yi latti. Jirgin kowa da kowa, kai ne ke jiransa. Wannan kuwa shi ne ke jiran maigidansa. Ya karya kumallo a Duwala, ya ci abincin rana a Injamena, ya kwana a gadonsa."

Ɗanmalam ya ɗaga kai ya dubi sama. Shi da ya taɓa kwana uku a bayan motar auduga tsakanin Gaundere da Garwa saboda gada ta karye, ya ji abin ya burge shi. Bai taɓa shiga jirgi ba, bai ma taɓa sha'awa ba, amma jirgin da ke jiran mutum, wannan kam ya so ya gani da idonsa.

Ranar Alhamis ya sa babbar rigarsa mai aska takwas, ya ɗauki amalanke guda na kaya, ya shimfiɗa su a inuwar ɗakin jira. Jirgin ya sauko da wata ƙara siririya, ya tsaya. Ƙofa ta buɗe, wani gajeren mutum mai ƙiba ya fito da sauri, yana duba agogo tun kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ashe yana jin Hausa, don yana yaro ya yi karen mota a hanyar arewa.

Ɗanmalam ya soma gaisuwa. Ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwan Duwala, yana shirin shiga lafiyar matuƙi sai Misye Hubert ya ɗaga wani matashi ja mai ɗinkin kore.

"Baba, wannan nawa?"

"Taya, ranka ya daɗe."

Mutumin ya taya. Abin da ya faɗa ya kusa ninka abin da Goni ke fata. Zuciyar Ɗanmalam ta ce karɓa, hankalinsa ya ce karɓa, Gaston ma daga baya yana ta ɗaga masa gira. Amma sabo turken wawa, bakin ya riga kowa.

"Albarka."

Misye Hubert ya yi dariya, ya ajiye matashin a hankali.

"Baba, na san albarka. Amma albarka tana cin awa biyu, ni kuwa minti goma gare ni. Sai wani jiƙon."

Ya juya ya tafi. Ɗanmalam ya tsaya yana jira, don ya san mai saye yakan yi taku bakwai ya waiwayo. Ya ƙirga taku bakwai, ya ƙirga ashirin, ya ga an rufe ƙofa. Jirgin ya yi gudu ya ɗaga sama, ya bar shi da amalanke da babbar riga.

Gaston ya zo ya dafa kansa da hannu biyu. "Wayyo Malam! Me ka yi?"

"Kai ne ka ce jirgin yana jiran maigidansa."

"Yana jiransa mana! Amma me ya sa mutum zai sayi jirgi in ba don ya gaji da jiran mutane ba?"

Kafin magariba labari ya riga shi isa unguwar dukawa. Goni yana zaune a zaurensa yana yankan fata, bai ɗaga kai ba ya ce, "Mun ji. Gaston ya ce mutumin zai sake biyowa nan da mako biyu. Malum zai je."

Ɗanmalam ya ji kunya har cikin ƙashinsa. Shekara talatin bai taɓa roƙon Goni komai ba, amma ran nan ya roƙa.

"Goni, ka bar mini wannan ɗaya. In na sake ɓatawa, da hannuna zan kai wa Malum mabuɗin rumfa."

Goni ya daɗe yana goga wuƙa a dutse. "Yarana goma sha ɗaya ne ke jiran aiki," in ji shi. "Wannan ɗaya. Allah ya ba da sa'a."

Washegari da sassafe Ɗanmalam ya yi abin da ya ba kasuwa mamaki. Ya rufe rumfa ya nufi babban kantin da ke kusa da gidan waya, inda Delphine, 'yar Gaston, ke sayar da kaya. Mace ce mai 'ya'ya uku, kuma an ce a duk kantin babu mai sayarwa kamarta. Shi ne ya ba ta jakar makaranta ta farko, yau ga shi a gabanta yana murza hula.

"'Yata, na zo makaranta."

Delphine ta yi dariya har ta riƙe teburi. "Baba, kai da ka sayar wa Balaraben Kusiri takalmi ƙafa ɗaya babba ɗaya ƙarami, yana godiya?"

"Wannan tsohon yayi ne. Gemu ba ya hana ilmi. Koya mini yadda ake yi da masu agogo."

Ta ba shi kujera a bayan teburi, ta ce ya yi kallo kwana biyu, kada ya ce uffan. Wannan shi ne hukunci mafi tsanani da aka taɓa yanke masa. Yana gani mutum ya shigo, gaisuwa ɗaya, Delphine ta ce, "Me za a yi da shi?" Wanda ke son fitila don ɗaki ta nuna masa biyu, wanda ke so don shago ta nuna masa wasu biyu daban. Kuɗin yana rubuce a ɗan kwali, rataye da zare. Ba shayi, ba kaka, ba Gidar. Kuma abin da ya fi ba shi haushi, mutanen suna fita da fara'a.

"Ba ki san sunan ubansa ba fa," ya ce mata a rana ta uku.

"Na san girman ɗakinsa, Baba. Shi ya zo nema."

Daga nan aka shiga gwaji. Bayan an tashi aiki, a tsakar gidan Gaston, Delphine ta cusa matashi a cikin riga ta zama Misye Hubert, Gaston ya riƙe agogo, matar gidan tana tankaɗe tana kallo. Delphine ta shigo da sauri tana hura hanci: "Baba, nawa?" Ɗanmalam ya buɗe baki, sai "taya" ta faɗo. Aka sake. Ya faɗi kuɗi daidai, Delphine ta ce ta saya, sai ya ji kansa yana cewa albarka. Matar Gaston ta zubar da gari don dariya. Shi kansa ya yi dariya har hawaye, ya ce a ɗaure masa baki da tsumma.

A hankali dai abin ya soma zama. Delphine ta hana shi amalanke, ta ce uku kawai zai ɗauka, mafi kyau. Ta sa ya je wurin Goni ya tambayo kwana nawa ɗari biyu za su ci, da irin launukan da ake da su, da yadda za a ɗaure kaya su isa Duwala ba su jiƙe ba. Shekara talatin yana sayar da aikin dukawa, bai taɓa sanin matashi ɗaya yana cin kwana huɗu ba. Ta yanko ƙananan ƙyallayen fata, ja da kore da rawaya da baƙi, ta ɗinke su a kwali guda. A ƙasa ta rubuta kuɗin da manyan lambobi, shi kuma ya sake rubutawa da ajami a gefe don kada bakinsa ya ci amanarsa.

"Abu ɗaya kada ka bari a gida," in ji ta ranar ƙarshe. "Yadda kake kallon mutum kamar shi kaɗai ne a duniya. Wannan ba a kanti ake koyonsa ba."

Ranar da aka yi alkawari, rana ta take, jirgin ya sauka. Ɗanmalam na tsaye da matasai uku da kwalinsa. Aka jingina motar mai, aka buɗe ƙofa, amma ba wanda ya fito. Can sai Gaston ya rugo.

"Ya ce zafi ya yi yawa, ba zai sauko ba. In kana da magana ka hau. Minti biyar!"

Ɗanmalam ya bi shi har gindin 'yar matakalar. Ya leƙa ya ga darduma shimfiɗe tun daga bakin ƙofa, mai laushi, launin toka. To, shi dai ba a haife shi a gidan da ake taka shimfiɗar mutane da takalmi ba. Ya tuɓe takalmansa ya jera su a ƙasa, ya yi sallama ya shiga.

Sanyi ne ya fara tarbarsa, irin na bakin randa. Kujeru shida ne kacal, manya, suna fuskantar juna, da ɗan teburi mai sheƙi, da labule a kowace taga. Ko ƙuda ɗaya babu. Misye Hubert na zaune ya miƙe ƙafa, takardu a cinyarsa.

"A'a, Baba mai albarka!"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Barka da sauka. Matasan nan, a ɗakin kwana za a sa su ko inda baƙi ke zama?"

Misye Hubert ya ɗaga gira. "Inda ake zama. Kusa da ruwa."

"To ba ja ba. Iskar teku tana cin ja. Ga wannan." Ya ajiye rawaya mai ɗinkin baƙi a gabansa, ya miƙa masa kwalin. "Ga launukan da muke da su, ga kuɗin kowane ɗaya. Ɗari biyu wata uku ne, hamsin na farko kafin wata ya mutu. Za mu aiko su ba a cusa ba, a naɗe cikin buhu, a cusa musu auduga a can."

Ya rufe bakinsa gam. Wallahi rufe bakin nan ya fi masa wuya fiye da azumin bazara. Misye Hubert ya duba kwalin, ya shafa fatar, ya ɗora ƙafa a kan matashin, ya duba agogo.

"Minti biyu da rabi. Baba, wa ya taɓa ka?"

"Makaranta na shiga."

"Na saya." Ya yi dariya, ya ƙwanƙwasa teburi. "Amma launi sai mun zauna. Marwa zan je in ga wani fili, in dawo nan da la'asar. Zauna mu ƙarasa a hanya."

Kafin Ɗanmalam ya ce ina, matuƙi ya ja ƙofa ya rufe. Aka ɗaura masa ɗamara a ciki. Ya karanta duk addu'ar da ya sani ta hawa abin hawa, ya ƙara da ta shiga kasuwa don kada a samu giɓi. Jirgin ya yi gudu, bayansa ya manne da kujera, sai ya ji ƙasa ta sake su.

Da ya iya buɗe ido ya leƙa taga. Ga Binuwai tana kwance tana walƙiya, ga gada, ga gonakin auduga. Ya nemi kasuwa, da ƙyar ya gano ta, ba ta fi faifai ba. A cikin wannan ɗan faifan ya yi shekara talatin yana jin nan ne tsakiyar duniya. Murna ta kama shi irin wadda bai ji ba tun yana yaro, ya yi ta dariya shi kaɗai, yana nuna wa attajirin hanyar Gidar kamar shi ya shimfiɗa ta. Aka kawo masa lemo mai sanyi a kofin gilashi. Ba mai turo shi, ba akuya a ƙarƙashin kujera, ba ɗan sanda a hanya. Ya ce a ransa, lalle wanda ya ɗanɗana wannan ba zai sake jiran kowa ba.

Suka zaɓi launuka. Misye Hubert ya kwance agogonsa ya ajiye a teburi, ya ba da labarin zamanin da yake kwana a ƙarƙashin mota a tashar Garwa, Ɗanmalam ya gano ma ya san direban da attajirin ya yi wa aiki. Hira ta yi daɗi. Sai attajirin ya gyara zama, idonsa yana ƙyalli.

"To Baba, yanzu muna da lokaci. Rage mini wani abu. Mu ja kaɗan, na yi kewar ciniki."

Nan fa aka zo wurin. Duk jijiyoyin Ɗanmalam suka miƙe, ga ciniki ya kawo kansa, a sama kuma, inda ba mai iya tashi ya tafi. Ya tuna kwana huɗun da kowane matashi ke ci, ya sa yatsa a kan kwalin.

"Ranka ya daɗe, abin da aka rubuta an rubuta. Amma gyara tana nan. Ukun nan da na hau da su, na jirgi ne."

Misye Hubert ya yi dariya har matuƙi ya waiwayo. Ya miƙo hannu suka tafa, ya jawo takarda ya sa hannu, ya ce in otal na biyu ya tashi ba zai nemi kowa ba.

Da la'asar suka sauka Garwa. Gaston na jira a gindin matakala, fuskarsa a yamutse don dariya, riƙe da takalmi ƙafa ɗaya.

"Malam, iskar jirgi ta tafi da ɗayan. Mu huɗu muka shiga ciyawa nema."

"Bar shi, ya riga ni ganin duniya. Kai ni unguwar dukawa."

Haka ya hau bayan mobilet, babbar riga tana kaɗawa, ƙafa ba takalmi. A ƙofar zauren Goni dukawa sun taru, har da Malum a gefe, don tun azahar aka ce an ga jirgi ya tashi da Ɗanmalam. Ya sauka, ƙasa tana ƙona masa tafin ƙafa, ya miƙa wa Goni takardar.

"Ɗari biyu. Rawaya ɗari da ashirin, sauran kore da baƙi. Hamsin kafin wata ya mutu."

Zauren ya kaure da sowa. Wani ya ruga gida ya faɗa wa mata, guɗa ta tashi ta bayan katanga. Malum ya zo ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce a koya masa yadda aka yi. Goni kuwa hankalinsa na kan abin da ke hannunsa. Ya juya takardar, ya ba wani ya karanta masa, ya sake karɓa ya ninke ya sa a aljihu. Sannan ya dubi ƙafafun Ɗanmalam, sun yi futu-futu da ƙura.

Ya shiga ciki ya fito da wata fata ja da ya daɗe yana ɓoyo, ya shimfiɗa ta a ƙasa. Tsohon ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa suna ƙara, ya ciro alli daga bayan kunne.

"Taka nan," in ji Goni. "Dillalinmu ba ya yawo ba takalmi."